Waɗanda Suka Buɗe Ƙofa: Tunawa da Musulmin da Suka Ceci Yahudawa a Yaƙin Duniya na Biyu

 

Ya ku ƴan'uwa matasa, maza da mata. Na san akwai wanda da ganin kan wannan rubutu zai yamutsa fuska, ya ce, "To mu ina ruwanmu da Yahudawan Turai? Kuma a wannan lokaci da muke ciki?" Tambaya ce da ta dace, kuma za mu zo kanta. Amma ku yi mini haƙuri ku fara jin labarin. Labari ne na waɗansu Musulmi, cikinsu da limamai, da likita, da matan aure, da wani saurayi sa'anku, waɗanda aka ƙwanƙwasa wa ƙofa a zamanin da buɗe ta kan jawo kisa, suka kuwa buɗe. Yawancinmu ba mu taɓa jin sunayensu ba, ko a lakwal ko a Islamiyya. Tun da wannan ɗan littafi na tunawa ne, sai na ga ya kamata su samu wuri a ciki.

Abin da ya faru

A watan Janairu na 1933 Adolf Hitler ya hau mulkin Jamus. Aƙidar jam'iyyarsa ta Nazi ita ce ƴan Adam hawa-hawa ne ta wajen jini: Jamusawa a sama, baƙar fata irinmu can ƙasa, Yahudawa kuwa annoba ce da dole a kawar. Da doka aka fara. A 1935 dokokin Nuremberg suka fid da Yahudawa daga ƴan ƙasa, suka haramta aure tsakaninsu da Jamusawa. Sai ƙwace shaguna da gidaje, daga baya kuma, a cikin yaƙi, aka tilasta musu liƙa tauraro ruwan ɗorawa a riga don a gane su a hanya. Bayan yaƙi ya ɓarke a Satumba 1939, sai aka shiga harbe su a bakin rami, kuma ana cusa su cikin taragon dabbobi zuwa sansanoni irin su Auschwitz a ƙasar Poland, inda ake kashe mutane da iska mai guba. Kafin yaƙin ya ƙare a 1945 an hallaka Yahudawa kimanin miliyan 6, wajen miliyan 1 da rabi daga cikinsu yara ne.

Kada ku ɗauka abin can wata uwa duniya ya faru. A watan Yuni na 1940 Faransa ta faɗi a hannun Jamus, Maréchal Pétain ya kafa gwamnati a garin Vichy yana aiki tare da ƴan Nazi. Gwamna Janar Pierre Boisson da ke Dakar ya bi Vichy, kuma Nijar, da ke ƙarƙashinsa, ta zauna a hannun Vichy har zuwa Nuwamba 1942. A gabas da mu, gwamnan Cadi Félix Éboué ya bi Janar de Gaulle tun Agusta 1940. A kudu da mu, Daura da Kano suna hannun Ingila, wadda ke yaƙi da Jamus. Wato ƙasar Damagaram, har da mu nan Matameye da ke bakin iyaka, muna ƙarƙashin gwamnatin da ta kafa dokar ware Yahudawa ta ranar 3 ga Oktoba 1940. Daga wannan gwamnati kumandan yake karɓar umarni lokacin da ake ɗibar kakanninmu aikin dole, aikin da ba a soke shi ba sai a watan Afrilu na 1946.

Akwai ma abin da ya fi wannan kusa. A Maris 1941 gwamnatin Vichy ta ba da umarnin shimfiɗa layin dogo da zai ratsa Sahara, daga bakin Bahar Rum zuwa kogin Kwara. Sunan layin Méditerranée-Niger. Su wa suka fasa dutse, suka ɗauki ƙarfe a cikin wannan rana? Fursunoni ne, cikinsu da ƴan gudun hijirar Sifen da Yahudawan da suka tsero daga Turai, a sansanonin Bou Arfa na Maroko, da Colomb-Béchar da Kenadsa na Aljeriya. Layin bai taɓa ƙetare hamada ba, amma an binne mutane a gefensa, kuma sunan ƙasarmu yana jikinsa.

Limaman Alje da masallacin Paris

Mu tsaya a Aljeriya. Ranar 7 ga Oktoba 1940 Vichy ta ƙwace wa Yahudawan ƙasar ƴancin zama ƴan ƙasar Faransa da suke da shi tun 1870. Daga baya aka shiga ƙwace dukiyoyinsu, ana neman waɗanda za a damƙa wa kula da su, su ci riba. Ku tuna halin da Musulmin Aljeriya suke ciki: shekara fiye da 100 ana mulkinsu, an ƙwace musu gonaki, talauci ya yi musu katutu. Ga garaɓasa ta zo har gida. Sai limaman birnin Alje suka hau mumbari ranar Juma'a, suka gargaɗi jama'a kada kowa ya ci gajiyar masifar maƙwabcinsa. Masanin tarihi Robert Satloff, wanda ya wallafa bincikensa a 2006, ya nuna cewa Turawan mulkin mallaka sun karɓi wannan aiki, Musulmi kuwa suka kame hannunsu. Wani lokaci taimako ke nan: a miƙo maka kayan wanda aka zalunta, kana cikin buƙata, ka ce a'a.

Daga nan mu ƙetare teku zuwa Paris. An buɗe Babban Masallacin birnin a 1926, don girmama sojoji Musulmi da suka mutu suna yi wa Faransa yaƙi a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Shugabansa Si Kaddour Benghabrit, ɗan Aljeriya ne. Da Jamusawa suka mamaye Paris, akwai Yahudawan Arewacin Afirka da ke zaune a can, masu jin Larabci, masu kama da sunaye irin na maƙwabtansu Musulmi. Sai masallacin ya riƙa ba waɗansunsu takardar shaidar cewa su Musulmi ne. Mawaƙin nan Salim Halali yana cikin waɗanda suka tsira ta haka. Wata takarda ta ma'aikatar harkokin wajen Vichy, ta watan Satumba 1940, ta nuna cewa tun a lokacin Jamusawa sun fara zargin ma'aikatan masallacin da wannan aiki. Masana tarihi sun saɓa a kan yawan waɗanda aka ceta, amma haɗarin da ke ciki ba abin musu ba ne. A kwana biyu kacal, 16 da 17 ga Yuli 1942, ƴan sandan Faransa sun kama Yahudawa wajen 13,000 a Paris.

Ɗaya daga cikin limaman masallacin, Abdelkader Mesli, an tura shi Bordeaux ya kula da fursunoni Musulmi. A can ya shiga ƙungiyar masu gwagwarmaya a ɓoye, yana samar da takardun tsira da wurin ɓuya. A Yuli 1944 ƴan Gestapo, wato ƴan sandan ciki na Nazi, suka kama shi, suka gana masa azaba, bai tona kowa ba. Aka kai shi sansanin Dachau, daga nan Mauthausen. Allah ya yi da sauran kwana, ya dawo ƙashi da rai, ya ci gaba da limanci har ya rasu a 1961. Bai yi ta yayata abin da ya yi ba. Sai bayan shekaru masu yawa ɗansa ya tarar da takardun a cikin wata tsohuwar jaka. A 2021 birnin Paris ya sa wa filin da ke gaban masallacin sunansa.

Likita a tsakiyar Berlin

In Paris gidan da aka mamaye ne, Berlin ita ce ramin kurar. A can Dokta Mohamed Helmy yake. An haife shi a Khartoum a 1901, iyayensa ƴan Masar ne, ya je Berlin karatun likita a 1922, ya zauna. Shi kansa bai tsira daga wariyar Nazi ba: an kore shi daga asibitin da yake aiki, an hana shi auren Bajamushiyar da yake nema, an tsare shi a 1939, sai a 1940 aka sake shi. Mutumin da aka yi wa haka, wa zai zarge shi in ya ja jikinsa ya yi shiru?

A Maris 1942, da aka tsananta kwasar Yahudawan Berlin, ya karɓi wata yarinya daga cikin marasa lafiyarsa, Anna Boros, ƴar shekara 16. Ya sa ta ɗaura ɗankwali, ya raɗa mata suna Nadiya, ya ce ƴar'uwarsa ce mai taimaka masa a ɗakin duba marasa lafiya. In bincike ya yi zafi sai ya kai ta wata ƴar bukkarsa a unguwar Buch, ko gidan abokai. Gestapo suna kiransa suna yi masa tambayoyi, yana kare ta. Ya kuma taimaki mahaifiyarta, da mijin mahaifiyar, da kakarta, wadda wata Bajamushiya, Frieda Szturmann, ta ɓoye a gidanta. Shekara 3 ana wannan hali, kuma dukansu huɗu suka rayu. Bayan yaƙi ya auri matar da aka hana shi, ya ci gaba da aikinsa a Berlin har ya rasu a 1982.

Maƙwabta a Sarayebo

Yanzu mu gangara kudu maso gabashin Turai, zuwa Sarayebo ta ƙasar Bosniya, garin da Musulmi da Kirista da Yahudawa suka yi ɗaruruwan shekaru suna cin kasuwa ɗaya. A Afrilu 1941 jiragen Jamus suka yi wa garin ruwan bama-bamai, gidan wani Bayahude, Josef Kabiljo, ya rushe. Abokin hulɗarsa Mustafa Hardaga ya kwashe su zuwa gidansa. Gida ne na kulle, matan gidan ba sa buɗe fuska gaban namijin da ba muharraminsu ba, amma aka ce wa Josef ya ɗauki kansa ɗan gida. Ku ji fa: gidan yana daura da ofishin Gestapo, kuma an manna sanarwa a bango cewa duk wanda ya ɓoye Bayahude kisa ne hukuncinsa.

Daga baya an kama Josef, aka sa masa sarƙa a ƙafa, shi da sauran fursunoni suna share ƙanƙara a titi. Matar Mustafa, Zejneba, wato Zainabu a bakinmu, ta hango shi, ta riƙa kai musu abinci. Da ya kuɓuta, gidan ya sake komawa, suka yi jinyarsa. Mahaifin Zejneba kuwa, Ahmed Sadik, ya ɓoye wani iyali na Yahudawa, aka tona shi, aka kai shi sansanin Jasenovac, bai dawo ba. Allah ya jiƙansa. Ku riƙe sunansa da kyau, domin ba duk wanda ya buɗe ƙofa ne ya tsira da ransa ba.

A garin dai akwai wani malami, Derviš Korkut, mai kula da littattafai a gidan tarihi na ƙasa. A cikin ajiyarsa akwai wani littafin addu'o'in Yahudawa da aka rubuta da hannu a Sifen wajen shekara ta 1350, ana kiransa Haggadah ta Sarayebo. A 1942 wani janar na Jamus ya zo karɓarsa. Korkut ya riga ya sulale da shi a cikin tufafinsa, aka kai shi ƙauye, aka ɓoye a hannun Musulmi har yaƙi ya ƙare. Mu da muka san darajar Alƙur'ani rubutun hannu a cikin gafaka, mun san abin da ya ceta. Littafin yana nan a Sarayebo har yau. Shi da matarsa Servet sun kuma ɓoye wata budurwa, Mira Papo, wata da watanni, suna cewa ƴar aikinsu ce Musulma.

Hausawa suka ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Bayan shekara 50 ƙaddara ta juya. Daga 1992 aka yi wa Sarayebo ƙawanya, wannan karon Musulmi ake kashewa. A farkon 1994 ƙungiyoyin Yahudawa suka fid da Zejneba, ta tsufa, tare da iyalinta a cikin ayarin motoci, iyalan Kabiljo suka tarbe ta. A 1999 kuma, da aka kori Musulmin Kosovo daga gidajensu, ɗiyar Korkut ta isa Makedoniya ba ta da komai sai wata takarda a aljihu, ta shaidar abin da iyayenta suka yi. Ta nuna wa Yahudawan birnin Skopje, suka karɓe ta, daga baya ɗan Mira Papo ya tarbe ta. Iyayenta ba don wannan suka yi ba, ba su ma san za a yi haka ba. Amma Allah ba ya mantuwa.

Saurayi ɗan shekara 17

Wannan naku ne musamman. A Albaniya, ƙasar da mafi yawan mutanenta Musulmi ne, akwai wata al'ada da suke kira besa, wato alkawarin da ba a karyawa: in ka ce wa mutum yana cikin amanarka, to ranka a bakin nasa. Kafin yaƙi Yahudawan ƙasar ba su wuce 200 ba. Da yaƙi ya ƙare sun kai kusan 2,000, saboda waɗanda suka gudo daga maƙwabtan ƙasashe an karɓe su, an ɓoye su, Musulmi da Kirista duk sun sa hannu.

A birnin Tirana akwai wani yaro, Refik Veseli, yana koyon ɗaukar hoto a wani shago. A shagon ya haɗu da Moshe Mandil, Bayahude gwanin hoto da ya tsero daga Yugoslabiya da matarsa da ƴaƴa biyu. Da Jamusawa suka mamaye Albaniya a Satumba 1943, Refik ya je wurin iyayensa, Vesel da Fatima, a garin Krujë da ke kan dutse, ya nemi izini. Suka ce ya kawo su. Ya bi da su ta hanyoyin daji a kan alfadarai, suna kauce wa shingayen sojoji. Manyan suka ɓuya a ɗaki, yaran kuwa aka sa musu tufafin ƙauye suka saje da ƴaƴan gida. Haka suka zauna kusan shekara guda, har aka kori Jamusawa a Nuwamba 1944. Refik ba shi da muƙami, ba shi da dukiya, ba shi da bindiga. Ɗan koyo ne, kamar yadda wasunku suke koyon ɗinki ko gyaran waya a yau. Abin da yake da shi gidan iyaye ne da kunyar juya wa maigidansa baya.

Gaskiya ɗaya ce

Kada in yaudare ku in ce duk Musulmin wancan zamani haka suka yi. Muftin Birnin Ƙudus, Alhaji Amin al-Husaini, ya gana da Hitler a Nuwamba 1941, ya zauna a Berlin yana yi wa ƴan Nazi farfaganda a rediyo. A Bosniya an kafa rundunar SS ta Musulmi a 1943. Mafi yawan mutane kuwa, Musulmi da Kirista, sun rufe ƙofa ne suka ce Allah ya kyauta. Wannan ne ya sa sunayen da na lissafa suke da nauyi. Addininsu ɗaya da na waɗanda suka yi shiru, tsoron da suke ji ɗaya, amma kowa ya zaɓi nasa.

To, batun Falasɗinu fa?

Ga tambayar da na ce za mu dawo kanta. Wani zai ce, "Malam, kana ganin abin da ake yi a Gaza, ka zo kana ba mu labarin ceton Yahudawa?" Ɗan'uwa, ina gani, kuma ciwon da kake ji ina jinsa. A 1948 Falasɗinawa sama da 700,000 suka rasa gidajensu, kuma har yau jini bai tsaya ba. Wannan rubutu bai nemi ka rage ko ƙwayar zarra daga tausayinsu ko daga faɗin gaskiya a kan zaluncin da ake yi musu ba.

Amma duba. A 1942 Anna Boros yarinya ce ƴar shekara 16 da ake farauta don jinin da aka haife ta da shi. Ba a ma kafa ƙasar Isra'ila ba tukuna. Wane laifi ta yi wa Bafalasɗine? Abin da ke sa hawaye ya zubo maka in ka ga yaro a ƙarƙashin ɓaraguzai a Gaza, shi ne ya sa Dokta Helmy ya ɗaura mata ɗankwali. Ku koma Suratul Ma'ida, ku karanta aya ta 8, wadda ta hana mu barin adalci don ƙin wasu mutane, da aya ta 32, wadda ta auna ran mutum guda da na dukan mutane. Ku tambayi malamanku tafsirinsu.

Wannan sarƙaƙiya ta taɓa iyalan masu ceton su kansu. Cibiyar da ke karrama irin waɗannan mutane, Yad Vashem, ta ƙasar Isra'ila ce, an kafa ta a 1953, kuma ta rubuta sunaye fiye da 28,000. Ta karrama gidan Hardaga a 1984, gidan Veseli a 1987, Korkut da matarsa a 1994. Da ta karrama Dokta Helmy a 2013, Balarabe na farko da ya samu, danginsa a Masar suka ƙi karɓa saboda inda lambar ta fito, sai a 2017 wani daga cikinsu ya karɓa a Berlin. Benghabrit kuwa ba ya cikin jerin. To mu ba sai mun jira wata cibiya ta ba mu izini ba. Namu ne, mu ya kamata mu fara tuna su.

Sai wani abu da nake gani a Facebook da TikTok: matashi ya sa hoton Hitler yana yabonsa, wai don haushin Isra'ila. Haba ɗan'uwa. A Yuni 1940, a Chasselay kusa da Lyon, sojojin Hitler sun ware fursunonin yaƙi baƙar fata ƴan Afirka ta Yamma daga farare, suka harbe su. Kaburburansu suna nan. Da Hitler ya same ka, da ba zai tambaye ka ra'ayinka kan Falasɗinu ba, fatarka ta ishe shi.

Tunawa da mai ba da mafaka sunna ce

Wannan hali yana da tushe a sirar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Bayan rasuwar Abu Ɗalib, da ya dawo daga Ɗa'ifa inda aka jefe shi, bai samu shiga Makka ba sai da wani ya ba shi kariya. Wanda ya ba shi, Muɗ'im ɗan Adiyyu, ba Musulmi ba ne. Ya sa ƴaƴansa suka rataya makamai, suka raka Annabi har Ka'aba. Muɗ'im ya mutu kafin yaƙin Badar bai musulunta ba. Duk da haka, bayan Badar, Annabi ya ambace shi, ya nuna cewa da yana raye ya roƙi a saki fursunonin, da an sakar masa su. Kafin nan kuma Najjashi na Habasha ya karɓi sahabbai ƴan hijira, ya ƙi miƙa su ga Ƙuraishawa duk da kyaututtukan da suka kawo masa. A ranar buɗe Makka, Ummu Hani ta ba wa waɗanda suka fake a gidanta kariya, Annabi ya tabbatar da kariyarta. Mu al'umma ce da ta fara da neman mafaka, aka ba ta. Ba zai yi kyau mu zama masu manta darajar mai buɗe ƙofa ba.

Mu dawo gida

Kun san abin da ya faru a Oktoba 2013. Motoci biyu suka lalace a hamada arewa da Arlit, kan hanyar Aljeriya, aka tsinci gawar mutum 92 da ƙishirwa ta kashe, 52 daga cikinsu yara, 33 mata. Da yawa daga cikinsu ƴan ƙasar Kance ne, wato namu. Har yau mata da yara daga ƙauyukanmu suna bin wannan hanya, har yau ana kamo baƙi a Aljeriya ana sauke su wajen Assamaka. A can mu ne baƙin da ba su da takarda, mu ne ake nunawa da yatsa. In ƴar'uwarka ta ƙwanƙwasa ƙofa a Tamanrasset da goyo a bayanta, wane irin mutum kake addu'a ya buɗe mata?

A nan gida kuma mu ne masu ƙofa. A jihar Diffa, tun da rikicin Boko Haram ya yi tsanani, iyalai talakawa suka raba ɗaki da tukunya da waɗanda suka gudo daga Borno. A jihar Maraɗi, tun 2019, ƙauyukan yankin Gidan Rumji suka karɓi dubban mutanen da ƴan bindiga suka koro daga Sakkwato da Zamfara da Katsina. Jarrabawar kan zo a ƙaramar siffa ma: ranar da aka yi ihun ɓarawo a kasuwa kan baƙon da ba wanda ya sani, jama'a suka ɗauki duwatsu. Ko ranar da aka turo saƙo a WhatsApp cewa duk ƴan ƙabila kaza ɓarayin daji ne, kowa yana turawa gaba. Ku tuna, a Jamus ma da magana da doka aka fara.

Ga shawarata ga ƙungiya. Kowannenku ya samu tsoho ko tsohuwa a gidansu, ya zauna, ya tambaya: a zamanin aikin dole, da mutane ke tsallaka iyaka cikin dare zuwa ƙasar Daura, wa ya sauke su? A yunwar 1973 da ta 1984, wa ya buɗe rumbunsa? Wa ya taɓa tsayawa tsakanin baƙo da taron da ya fusata? Ku rubuta sunayen, da garin, da abin da aka yi, da izinin iyalansu, ku kawo. Ɗan Abdelkader Mesli a cikin tsohuwar jaka ya tsinci labarin mahaifinsa. Namu labaran a bakin tsofaffi suke, kuma tsofaffin tafiya suke yi. In Allah ya kai mu littafin tunawa na gaba, ya kamata a ga sunayen mutanen Matameye da kewaye a jere da na Hardaga da Veseli.

Allah ya jiƙan waɗanda suka buɗe ƙofa, ya saka musu da mafificin alheri. Allah ya kawo ɗauki ga duk wanda ake zalunta, a Falasɗinu da ko'ina. Allah ya ba ƙasarmu Nijar zaman lafiya, ya dawo da matafiyanmu gida lafiya, kuma ranar da aka ƙwanƙwasa tamu ƙofar, ya ba mu ƙarfin zuciyar tashi mu buɗe. Amin.